Kwalliyar amarya: kada garin neman gira a rasa ido

A ƙasashen Turai da Amurka, yawancin bukukuwan aure ana yin su ne bayan sanyinsu ya janye, daga wajen watan Mayu zuwa watan Oktoba. Duk shekara idan wannan lokaci ya ƙarato, akwai tambaya guda da ke komowa cikin jaridun mata da gaban likitocin fata: yaya amarya mai farar fata za ta yi jikinta ya yi duhu kafin ranar biki, ba tare da ta cuci kanta ba? Rigar amarya a can fara ce fat, kuma sau da yawa kafaɗu da hannuwa a waje suke. Yarinyar da Allah ya yi ta fara sol tana tsoron ta fito cikin hoto ba a bambanta ta da rigarta, kamar wadda ta taso daga jinya.

Mai karatu a Maraɗi, ko Tawa, ko Damagaram, zai ji abin banbaraƙwai, wai namiji da suna Hajara. Mu nan abin da muka saba gani shi ne amarya na neman haske ido rufe. To, ba don dariya muka kawo wannan zance ba. Turawa sun yi shekaru masu yawa suna biyan kuɗin wannan kwalliya da lafiyarsu, wasu da rayukansu, kafin likitocinsu da gwamnatocinsu su tsai da magana a kanta. Maganar da suka tsayar tana da amfani gare mu, domin in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ya kamata mu fara sanin cewa son duhun fata baƙo ne a Turai. A zamanin kakanninsu farar fata ita ce alamar ƴar babban gida, domin manoma da masu aikin ƙarfi su ne rana ke dafawa. Matan masu hali sukan yi yawo da laima da safar hannu, wasu har suna shafa hoda mai dalma a fuska, tana cin su sannu a hankali. Abin ya juya ne a shekarun 1920, lokacin da talaka ya koma cikin masana'anta ba ya ganin rana, mai kuɗi kuma ya fara zuwa shan iska bakin teku a kudancin Faransa. Ana yawan ambaton sunan Coco Chanel, shahararriyar mai tsara tufafin nan, cikin waɗanda suka sa yayin ya karɓu. A shekara ta 1935 Eugène Schueller, wanda ya kafa kamfanin L'Oréal, ya fito da man shan rana mai suna Ambre Solaire. A shekara ta 1936 gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikatan Faransa hutun mako 2 da albashi, wato konje, sai dubban iyalai suka kwarara bakin teku. Daga nan duhun fata ya zama shaidar cewa mutum ya samu hutu, yana da abin hannunsa. Cikin ƙarni ɗaya abin kunya ya zama abin alfahari. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa yayi ba shi da alƙibla, yau gabas, gobe yamma.

Jikin ɗan Adam kuwa bai san yayi ba. A cikin fata akwai wani sinadari da masana ke kira melanin. Shi ke ba fata da gashi da ƙwayar ido launinsu, kuma aikinsa kamar na rumfa ne, yana tare zafin wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake ce wa ultrabiyole, ko UV a taƙaice. Wannan haske yana ratsa fata, yana ɓata tsarin ƙwayoyinta. Idan fatar Bature ta yi duhu bayan ta sha rana, ma'anarsa ƙwayoyin sun riga sun ji rauni, shi ya sa suka ƙara melanin don su kāre abin da ya saura. Wato duhun da amarya ke nema, ga likita tabo ne.

A shekara ta 1975 wani likitan fata na jami'ar Harvard a Amurka, Thomas Fitzpatrick, ya fito da ma'aunin da ke rarraba fatar mutane bisa yadda take karɓar rana. A yau ma'aunin yana da aji 6. Aji na farko shi ne na farare sol, masu jan gashi ko gashi mai ruwan zinariya, irin waɗanda suka yawaita a Ailan da Sikotilan da arewacin Turai. Waɗannan duk ranar da suka sha, ƙuna suke yi, fatar ta yi ja, ta tashi, ta saɓule, ba ta yin duhu. Aji na biyu yana bin sa kusa da kusa. Akasarinmu mu ƴan Afirka muna aji na 5 da na 6. Amaryar da ke aji na farko, in ta shimfiɗa kanta a rana mako guda kafin biki, ba abin da za ta samu sai saɓa a hanci da kafaɗu ranar da kowa ke kallonta, da kuma wani bashi da jiki zai biyo ta da shi bayan shekaru.

Bashin nan shi ne ciwon dajin fata. Mafi muninsa ana ce masa melanoma. Yakan fara kamar ɗan baƙin tabo da ba a kula da shi ba, sai ya sake kama, ya faɗaɗa, in ba a cire shi da wuri ba ya bi jini ya shiga huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. Ƙididdigar duniya ta shekara ta 2020 ta nuna mutum wajen dubu 325 ne suka kamu da shi a wannan shekara, wajen dubu 57 suka rasu. Ƙasashen Ostiraliya da Niw Zilan, inda fararen fata ke zaune ƙarƙashin rana mai ƙarfi, su ne kan gaba.

Tun da rana ba ta samuwa kullum a Turai, sai ƴan kasuwa suka ƙera mata madadi. Daga ƙarshen shekarun 1970 aka fara buɗe shagunan da ke da wani irin gado mai murfi, cike da fitilun UV. Mutum ya biya, ya tuɓe, ya kwanta, a rufe shi minti 10 ko 20. An tallata wa ƴan mata cewa wannan ya fi rana sauƙi da tsabta, amare kuma suka zama manyan masu zuwa. Alhali ƙarfin hasken da dokar Turai ta yarda wa waɗannan fitilu daidai yake da ranar tsaka ta ƙasashe masu zafi irin tamu. Duk wanda ya taɓa tafiya a ƙasa tsakanin azahar da la'asar cikin watan Afrilu ya san abin da ake nufi.

A watan Yuli na shekara ta 2009, cibiyar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya waɗannan gadaje cikin rukuni na farko na abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji, rukuni ɗaya da taba sigari. Binciken da ta dogara da shi ya nuna haɗarin ya fi tsanani ga wanda ya fara tun yana ƙasa da shekara 30, wato daidai shekarun aure. A wannan shekara ƙasar Barazil ta hana amfani da gadajen don kwalliya gaba ɗaya. A Ostiraliya wata budurwa mai suna Clare Oliver, wadda melanoma ya kama, ta ƙarar da kwanakinta na ƙarshe a gadon asibiti tana gargaɗin ƴan uwanta mata ta jarida da talabijin. Ta rasu a watan Satumba na 2007 tana da shekara 26. Maganarta ba ta faɗi ƙasa banza ba: tsakanin 2015 da 2016 jihohin ƙasar suka rufe shagunan. Faransa ta hana ƙananan yara shiga tun 1997, kuma a 2018 hukumarta ta tsaron lafiya ta nemi a daina sana'ar ɗungurungum.

Akwai masu cewa a sha rana kaɗan-kaɗan tukuna, wai fata ta saba kafin biki. Likitoci sun auna wannan kāriya, sun tarar ba ta taka kara ta karya ba. Akwai kuma ƙwayoyin sha da ake tallatawa masu sinadarin kantazantin. Suna rina fata ruwan lemo, suna kuma iya taruwa a bayan ido, su taɓa gani. Akwai allurar melanotan da ake sayarwa a ɓoye ta intanet, babu hukumar magani da ta yarda da ita don kwalliya. Hukumar magunguna ta Ingila ta yi gargaɗi a kanta tun shekara ta 2008. Tana kawo tashin zuciya, tana sa tabon jiki ya ƙara baƙi, ga kuma ba wanda ya san abin da ke cikin kwalbar.

To, mece ce hanyar da ta rage wa amaryar Turai? Likitocinsu sun yarda da hanya guda: rini na bisa fata. Labarin samo shi yana da ban sha'awa. A shekarun 1950 wata mai bincike, Eva Wittgenstein, tana ba yara marasa lafiya wani irin sukari a asibitin Sinsinati na Amurka, sai ta lura duk inda ya zuba a jikinsu wurin yakan yi ja-ja bayan ƴan awoyi. Wannan sukari, da ake kira DHA, shi ne yau cikin mayuka da ruwan feshi na rina jiki. Yana haɗuwa da matacciyar fatar da ke can sama, wadda dama kullum take karkaɗewa, sai ta yi launin ƙasa-ƙasa, kwatankwacin yadda bayan burodi ke yin ja cikin tanda. Ba ya buƙatar rana. Launin yakan fito bayan awa 2 zuwa 4, ya cika cikin kwana guda, ya gushe da kansa cikin mako ɗaya ko kwana 10. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda da shi don shafawa a waje tun shekarun 1970, Tarayyar Turai kuma a 2021 ta iyakance shi kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin shafawar.

Duk da haka, wannan hanya ma tana da ƙa'idodinta. Na farko, ba a fafe gora ranar tafiya: amarya ta gwada shi wata guda kafin biki, a ɗan wuri kaɗan tukuna, ta ga ko jikinta ya karɓa, ta ga kuma ko launin ya dace da rigar. Mai farar fata sosai ta ɗauki mafi sauƙin launi, in ba haka ba sai ta fito ruwan karas. Na biyu, ta goge jiki da kyau kafin shafawa, ta sa mai a gwiwa da gwiwar hannu da idon sawu, domin wuraren kaushi sun fi sha. Na uku, a yi shi kwana 2 ko 3 kafin biki, don ya zauna, a wanke ragowarsa, kada ya ɓata farar riga. Na huɗu, in feshi ne, a rufe ido da leɓe da hanci, domin ba a yarda a shaƙe shi ba. Na biyar, kuma shi ne wanda aka fi mantawa, wannan rini ba ya kāre kowa daga rana. Wadda ta yi shi tana nan da fatarta ta aji na farko. Dole ta shafa man kāriya mai lamba 30 ko fiye, ta sake shafawa duk bayan awa 2, ta sa malafa, ta nemi inuwa daga tsakar rana zuwa la'asar. Wadda ba ta son ko da wannan, akwai hodar da ake shafawa da safe a wanke da dare. Wadda kuma ta tsaya a launinta, ta zaɓi rigar da ta dace da shi, ita ce ta fi kowa kwanciyar hankali.

Ya ku masu karatu, idan muka tattara duk wannan, ma'auni guda ne ya fito. Launin da ya zauna bisa fata, ya yi kwanakinsa ya tafi, shi ne ado. Launin da aka tilasta wa fata daga ciki, da ƙuna ko da guba, shi ne rauni, ko da ya yi kyan ɗan maciji.

Wannan ma'auni iyayenmu mata sun san shi tun kafin a haifi Eva Wittgenstein. Mene ne lalle in ba rini na bisa fata ba? Ganye ne da ake dakawa, a kwaɓa, a ƙunsa. Sinadarinsa yana kama saman fata da farce, a fata ya yi mako 2 ko 3 ya gushe, fatar na nan yadda take. Haka dilka da kurkum da turaren wuta da ake yi wa amarya: suna goge jiki, su sa shi laushi da sheƙi da ƙamshi. Haka turkuɗi da ke barin shuninsa a jikin mai shi, abin ado tun daga Kano har Agadas. Arwanka ta dā ba ta taɓa neman ta sake wa amarya halitta ba. Aikinta ta fito da kyan da ke akwai.

Amma mu ma mun fara barin wannan hanya. Baƙin lallen da ake zane da shi yanzu, sau da yawa ana gauraya shi da sinadarin rinin gashi, wanda ake kira PPD, don ya yi baƙi wuluk cikin ƙanƙanin lokaci. Ga wasu mata yana tayar da bororo, ya bar tabo mai siffar zanen, kuma jikin da ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi shi ke nan har abada. Amaryar da za ta yi zane ta tambayi mai ƙunshi abin da ta zuba, ta kuma gwada a ɗan wuri kwana 2 kafin nan.

Abin da ya fi wannan muni shi ne man bilicin. Shi ne ƙanin gadon fitilar Turawa, uwa ɗaya uba ɗaya, sai dai kowane da inda ya sa gaba. Baturiya tana ƙona fata don ta ƙara melanin, ƴarmu tana shafa guba don ta kashe wanda Allah ya ba ta, alhali tana zaune a ƙasar da rana ba ta da wasa. Abubuwa 3 ne aka fi samu cikin waɗannan mayuka. Akwai idrokinon, wanda in an daɗe ana shafa shi yakan bar baƙin tabo mai kauri a kumatu da bayan wuya, mai wuyar magani. Akwai magungunan kortizon masu ƙarfi, waɗanda ke sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa, har su kai ga hawan jini da ciwon sukari. Akwai kuma zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, tana ratsawa ta kai ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Amarya ta yau ita ce mai jegon baɗi. Wa zai so ɗan farinsa ya fara rayuwa da wannan gado?

Wasu ƙasashe sun riga sun tashi tsaye. Tarayyar Turai ta hana idrokinon cikin kayan shafa tun 2001. Kodibuwa ta kafa dokar hana mayukan bilicin a 2015, Gana ta bi a 2016, Ruwanda a 2018. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan zaiba, ta haɗa da kayan shafa. Amma doka a takarda ba ta tsare iyaka. Kayan da aka kora daga wata kasuwa, wata kasuwar suke nema.

Kada kuma mu manta cewa muna da namu amaren masu farar fata na ainihi, wato ƴaƴanmu zabiya. Fatarsu ba ta da melanin, ko tana da shi kaɗan ƙwarai. Duk abin da muka faɗa kan aji na farko ya shafe su, har ya fi, domin su ƙarƙashin ranar Sahel suke noma da talla da ɗiban ruwa. Ciwon dajin fata yana ɗauke da yawa daga cikinsu tun da ƙuruciya. Masu cewa a bar zabiya a rana fatarsa ta yi ƙwari, kuskure suke yi mai kisa. Abin da yake bukata shi ne malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kāriya, aiki a inuwa, da zuwa likita da zarar wani gyambo ya ƙi warkewa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara dominsu, an fara kiyaye ta a 2015. Mu kuwa da muke gida ɗaya da su, kowace rana tasu ce.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatan kiwon lafiya da su sa zancen fata cikin jawabin da ake yi wa mata wajen awon ciki da awon yara. Muna kira ga ma'aikatan duwan da na kasuwanci da su sa ido kan kwalaben da ke shigowa ba suna, ba adireshi, ba bayanin abin da ke ciki. Maganin kortizon magani ne, wurinsa faramasi, da takardar lokotoro, bai kamata a same shi kan tebur tsakanin sabulu da turare ba. Malaman yaƙi da jahilci su koya wa ɗalibansu karanta abin da ke rubuce a jikin kwalba, domin karatun da bai tsare lafiyar mai shi ba bai gama aikinsa ba. Gidajen rediyo su ba likitoci fili su yi bayani da harsunanmu.

Amma babban aiki yana cikin gida. Yarinya ba ta shafa guba don tana ƙin kanta. Tana shafawa ne don ta ji abin da ake faɗi a zaure da wajen biki. Duk ranar da dangin ango suka ce sun samo fara, duk ranar da ƙawaye suka yi wa wata ba'a da baƙinta, an ƙara wa mai sayar da bilicin ciniki. Ku samari masu neman aure, ku faɗa da bakinku cewa yadda kuka gan ta haka kuke son ta. Ku iyaye mata da gwaggwanni, ku duba abin da ake shafa wa ƴarku cikin kwanakin gyaran jiki, ku tambaya, in ba a ba ku amsa ba ku hana.

Biki kwana 7 ne in ya daɗe. Fata kuwa riga ce guda tak da mutum ke shigowa duniya da ita, ba tela mai ɗinka wata. Turawa sun gane haka bayan sun binne ƴaƴansu da yawa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah ya ba amarenmu lafiya, ya ba su zaman lafiya a ɗakunansu, amin.